Ya sake ni wai ɗiya mata nake haifa, kuma ko tiya ɗaya bai taɓa aiko masu ba

Saƙon wannan satin na murya ne, da wayar ƙaninta ta turo shi, kusan minti tara tana magana tana tsayawa saboda yarinya na kuka a bayanta. Na taƙaita shi, na cire sunanta da na garinsu kamar yadda ta roƙa, abinda zan iya cewa kawai ƙauye ne a ƙasar Daura, can wajen Sandamu.

"Anti ina wuni, dan Allah shawara nake nema. Shekarata 30, an yi min aure ina da 16 da ɗan baffana, auren zumunci. Haihuwata biyar duk mata, ɗaya ta koma, huɗu na raye, babbar shekararta 12 ƙaramar wata 21. Tun a ta uku ya fara canza min fuska, ta biyar kuwa ko ragon suna sai da aka yi wata biyu kafin ya yanka. Ya ƙara aure, amarya ta haifi namiji, ni kuma ya miƙo min takarda ina goyon wata bakwai, yace wai wajen Innata na gado rashin haihuwar maza. Yau wata 14 muna gidanmu ni da yaran, ko tiya ɗaya bai aiko ba. Da na aika yace in ina so su ci in maido masa su, in ba haka ba babu ruwansa. Baba yace kar in kuskura in kai ƙara ɗan ɗan'uwansa ne. Yayana ke ciyar damu kuma matarsa ta fara habaici. Babbar na cire ta daga makaranta tana min tallan awara. Akwai mai sona da aure amma yace banda yara. In ba shi yaran in yi aurena, ko ya zan yi?"

Wa alaikissalam ƙanwata, sannu da ɗawainiya, wadda ta koma kuma Allah yasa mai ceto ce. Sau uku na saurari saƙonki kafin na ɗauki waya in rubuta, saboda karon farko raina ya ɓaci ƙwarai kuma bana son ba mutum shawara ina cikin fushi. Amsar a taƙaice: kar ki ba shi yaran, kuma abincinsu ba alfarma bane da zai yi in ya ga dama, bashi ne a wuyansa, ko suna ɗakinki ko suna ɗakin uwarsa duk ɗaya ne. Sauran maganar duk yadda za a yi a karɓo ne.

Amma bari mu fara da abinda ya ɗora miki, dan na ji a muryarki kamar kin fara yarda laifinki ne. Wai kin gado Innarki. Toh wayar wa kika yi min magana da ita, ba ta ƙaninki bace? Kuma wa ke ciyar daku yanzu, ba yayanki ba? Ai Innar nan ita ta haife su, maza biyu kenan da na ji da kunnena a saƙo ɗaya. Ko a nan maganarsa ta rushe ba sai an je asibiti ba. In kuma an je asibitin, ga abinda duk likita ko ungozomar da ta yi karatu zata gaya miki: ƙwan mace iri ɗaya ne kullum, alamar da ake kira X yake ɗauke da ita, shi kuma maniyyin namiji kashi biyu ne, wani X wani Y. In mai X ya riga isa aka samu mace, in mai Y ne aka samu namiji. Mace bata da Y ɗin ma kwata-kwata balle ace ta ɓoye shi ko ta hana. Ba wai ina cewa laifinsa bane shima, dan shi ɗin ma ba zaɓa yake ba, hukuncin Allah ne, amma in dai sai an nemo ta ɓangaren da sababin yake toh ta wajensa yake wlh ba ta wajenki ba.

Nasan abinda za a ce, ai gashi amarya ta haifi namiji da shi ɗin dai. Eh, saboda kowane ciki sabon rabo ne, babu ruwan na yau da na bara. A duniya gaba ɗaya in an haifi mata 100 ana haifar maza wajen 105, kusan rabi da rabi kenan, kuma in kika yi lissafi akan haka, cikin gidaje 32 masu haihuwa biyar ana sa ran a samu ɗaya da duk mata ne, ɗaya kuma duk maza. Ki leƙa garinku ki ƙirga, zaki samu matar da ta jera maza biyar tana kukan bata da mai taya ta daka. Da ke ce kika yi cikin na shida ba mamaki namijin ne, da amarya ta jira shekara ɗaya ba mamaki mace ce. Kuma mutumin da ke zuwa masallaci ya kamata ace ya taɓa jin ayoyin nan na ƙarshen suratu Shura, aya ta 49 da 50, inda Allah yace yana ba wanda ya so mata, yana ba wanda ya so maza, ko ya haɗa masa, ko ya bar shi babu haihuwa, har ma matan aka fara ambata. A suratu Nahli kuma an siffanta mutanen jahiliyya da cewa in aka yi wa ɗayansu albishir da ɗiya mace sai fuskarsa ta yi baƙi yana ɓuya daga mutane. Manzon Allah SAW ɗiyansa mata huɗu ne, Zainab da Ruƙayya da Ummu Kulsum da Faɗima, mazan duk suna ƙanana suka rasu, kuma zuri'arsa ta wajen Nana Faɗima ta ɗore. Huɗu ƙanwata, kamar naki. Ni abin ma da ke bani mamaki a ƙasar Daura ake wannan magana, garin da ko ɗan firamare ya san labarin sarakuna mata ne suka mulke shi har zuwa Magajiya Daurama, baƙi na zuwa kallon rijiyar Kusugu ana basu tarihi, mu kuma a gida muna jinkirta ragon suna dan an haifi mace.

Toh yanzu ainihin ciwon. Haihuwa ana cewa ta mutum biyu ce amma kuɗinta ba daidai ake biya ba, kuma a ƙauye bambancin yafi fitowa fili. Ki lissafa naki kawai: ciki biyar wata 45 kenan, ki ɗora shayarwa akai, zaki ga cikin shekara 13 da kika yi a gidan nan kusan goma ko kina da ciki ko kina goyo, ga wankan jego, ga ɗebo ruwa, ga surfe da daka, ga kwana zaune in yaro na zazzaɓi. Jikinki ne ya biya duk wannan, jininki, haƙoranki, bayanki. Shi kuma fa? Namiji zai iya samun haihuwa biyu a shekara ɗaya daga ɗaki biyu ko gumi bai yi ba, kuma yana iya ci gaba har ya yi furfura ya kai saba'in, alhali mace daga wajen shekara 45 zuwa 50 abin ya tsaya. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna macen jihar Katsina a tsaka-tsaki tana haihuwa 7.3, mu ne kan gaba a duk Najeriya a lokacin, Legas kuma 3.4. Amma kinga wannan lissafin na mata ne, kan mace ɗaya ake ƙirgawa. Mai mata biyu ko uku sai ki ninka, ki ga bakuna 15 ko 20 akan rumbu ɗaya da gona ɗaya wadda ita ma rabon gado ya riga ya yanka ta gida-gida, ga ƙasarmu ta nan arewa jigawa ce, damina gajera, taki ya yi tsada. Wannan nauyin fa shi Allah ya ɗora wa namiji a madadin wahalar da bai sha ba, ke jiki shi aljihu, shi yasa ma a gado aka ba shi kashi biyu. Sai mazanmu da yawa suka riƙe kashi biyun da kyau suka saki ɗaya igiyar. In aure ya mutu shi ya kaɗe riga ya shiga ɗakin amarya kamar ba a taɓa yi ba, ita kuma ta fito da kwalla da buhun kaya da yara jere a baya.

Na yi shekaru ina aiki a wani ƙaramin asibitin ƙauye kafin in dawo cikin Katsina, ranar awon yara muna da wani ɗan tef da ake naɗawa a damtsen yaro, kore da ruwan ɗorawa da ja, in ya sauka ƙasa da santimita 11.5 ya shiga ja, tamowa ta yi tsanani kenan. Bazan manta ba, benci cike da mata tun hantsi, kowacce da goyo da wani a hannu, wata ta ƙulle naira ɗari biyu a bakin zani ta mota ce ta komawa. In tef ya nuna ja sai in tambaya, ina babansa? Amsa biyu ce kusan kullum, ko ya tafi cirani tun bayan kaka, ko kuma ta sunkuyar da kai tace mun rabu. Wata rana wata yarinya da bata fi 22 ba, da na tambaye ta mi yake aikowa sai ta yi dariya, irin dariyar da ta fi kuka ciwo, tace Anti ai ya aiko, ya aiko a gaya min in an yaye shi zai zo ya ɗauka. Wato wata 20 na nono da kunu da magani duk nata ne, in yaro ya fara tafiya ya isa aike sai ya zama na uba. Wannan al'adar ta karɓe yaro ranar yaye mun ɗauke ta kamar addini, kuma ba addini bace.

Ga abinda ke cikin littafin da alƙalanmu da malaman zaurenmu ke karantawa, ba wani baƙon abu na kawo ba, Risala ce ta Ibn Abi Zaid wadda ko a garinku akwai mai ita a cikin gafaka. A mazhabar Malikiyya in aure ya mutu riƙon yara na uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. In uwar ta rasu ko ta yi wani aure sai ya koma wajen kaka ta wajen uwa, wato Innarki, bayanta sai 'yar'uwar uwa, kafin ma a zo kan dangin uba. Ciyarwa kuma na kan uba, namiji har ya balaga in lafiyarsa ƙalau, mace har ta tare a gidan miji. Kin lura? ɗiya matan da yake rainawa haƙƙinsu a kansa ma zai iya fin na namijin daɗewa. Kuma babu inda aka ce sai suna gidansa zai ciyar, wannan sharaɗin shi ya ƙirƙiro shi dan ya san ba zaki iya rabuwa dasu ba. Aya ta 233 a Baƙara ta ɗora abinci da tufafin masu shayarwa akan wanda aka haifa wa, suratu Ɗalaƙ aya ta 6 kuma tace in wadda aka saka ta shayar muku ku biya ta ladanta. Wato tun da iddarki ta cika, nonon da kika ci gaba da ba ƙaramar kina da damar neman kuɗinsa in kin so. Mata nawa ne a ƙauyukanmu suka taɓa jin wannan? Kuma Hindu matar Abu Sufyan da ta kai kukan maƙon mijinta wajen Manzon Allah SAW bai ce mata je ki yi haƙuri ba, cewa yayi ta ɗauki abinda zai ishe ta ita da ɗanta gwargwadon al'ada, Bukhari da Muslim duk sun kawo shi.

Abu biyu kuma zan ja kunnenki akai, dan su ne inda mata ke faɗuwa. Malamanmu sun ce uwar da ta sauke riƙo da kanta ba tare da wani uzuri kamar ciwo ba, ba lallai ya dawo mata ba in daga baya ta yi nadama. Dan haka ranar da haushi zai ɗebe ki ki tasa su gaba ki dire masa a ƙofar gida, ki sani mai yiwuwa kin rufe ƙofa kenan, kuma wa zai riƙe su can? Shi rabin shekara yana cirani, amarya na fama da nata jaririn, ita bata ce tana so ba, ba sai ta zama muguwa ba ma, yara huɗu na wata a hannun mai ɗanyen goyo kin san yadda zata kaya. Ɗayan kuma, ciyarwar yara da ta wuce tana iya faɗuwa da wucewar lokaci in ba alƙali ya riga ya yanke ta ba, ko kuma wanda ya ciyar ya yi ne da niyyar a biya shi ba kyauta ba. Kinga kenan duk watan da kika ƙara kina kawaici kamar kin yafe masa shi ne. Wata 14 sun tafi. Ki ce wa yayanki daga yau ya kafa shaidu biyu cewa abinda yake kashewa akan yaran nan bashi ne akan ubansu, ya sayi ɗan littafi ya riƙa rubutawa, hatsi kaza, magani kaza, rana kaza.

Maganar Baba. Bazan ce ki take maganar mahaifinki ba, kuma na fahimce shi, ɗan'uwansa ne uwa ɗaya uba ɗaya wataƙila gona ma iyaka ɗaya, gobe a jana'iza ko suna dole su haɗu a tabarma ɗaya. Amma ki samu lokacin da yake shi kaɗai, bayan isha'i haka, ki durƙusa ki ce Baba da haƙƙina ne wlh na bar shi saboda kai, amma na yaran nan ne, ni bani da ikon yafewa kai ma baka da shi. Ki ce masa kuma zumuncin da ake gudun ya ɓaci can gashi yana ɓaci a cikin gida, dan matar yayanki da ta fara habaici ba sheɗaniya bace, tana ganin abincin 'ya'yanta ne ake rabawa gida biyu alhali mai nauyin na can yana cin tuwon amarya, kuma in aka ci gaba a haka auren yayanki ne zai fara girgiza. Sannan ki roƙe shi abu ɗaya: shi da kansa ya taka ya samu baffanki, dattijo da dattijo, a kira yaron a zaunar dashi. In hakan bata yi ba a sa liman, in bata yi ba mai unguwa da dagaci, ga kuma 'yan Hisba da ke irin wannan sulhun kullum. Duk wannan ba ƙara bace, ba wanda zai ce kin tona asirin dangi. Amma a sa wa abin wa'adi, kuma wa'adin shi ne kafin a gama girbi, dan ba a fafe gora ranar tafiya.

Mi yasa nace girbi? Nan ne nake ganin ake tafka kuskure har a wajen sulhun. Sai a zauna a ce toh zai riƙa bada dubu kaza duk wata, kowa ya shafa fatiha a tashi. Manomi ba albashi gare shi ba, wata biyu zai bayar na uku yace babu, kuma sau da yawa gaskiya ya faɗa. Ga shi kuma kuɗin ma ba ya tsayawa wuri ɗaya, duk wadda aka yanke wa dubu biyar kafin a cire tallafin mai a 2023 ta san abinda dubu biyar ta koma bayan nan, kuma ko ba wannan ba farashin gero na kaka daban na tsakiyar damina daban. Dan haka ki nemi a yanke da hatsi, da tiya, kuma a auna a kawo lokacin da dami ke tsakar gida bai shiga kasuwar Mai'adua ba, bai kuma zama kayan lefe ba, dan kin san kaka ita ce lokacin da mazanmu ke tuna sunnar ƙarin aure. Na taɓa zama a wani sulhu a zauren wani dagaci, mijin nata rantsuwa yana cewa shi bai san mi ake so ya yi ba, yara uku mi za su ci. Sai ƙanin matar ya tashi ya fita, ya dawo da tiya da ƙwarya, ya zuba gero a gaban kowa yace ga abinda muke auna masu kullum, ranka ya daɗe a ƙirga. Zaure ya yi tsit. Dagaci ya sa aka ninka da talatin, aka ninka da sha biyu, mutumin nan da bakinsa yace a raba masa biyu, rabi yanzu rabi in ya dawo cirani. Magana ta fatar baki ana musunta ta, amma gero a ƙwarya ba mai musu dashi.

Ke ma haka zaki yi. Ki yi sati ɗaya kina auna abinda yaran ke ci tsakani da Allah, kar ki ƙara kar ki rage. Misali in ya kama tiya 20 a wata, rabin buhu kenan tunda buhu tiya 40 ne, a shekara buhu shida, sai a ƙara wake, sannan kuɗin cefane da sabulu da magani da na makaranta da ɗinkin sallah biyu a sa su lokacin da yake turo kuɗi daga cirani, a kawo ta hannun mutum ɗaya da aka aminta dashi, liman ko mai unguwa, ba ta hannunki ba dan kar a riƙa haɗuwa ana faɗa. A rubuta a takarda, da boko ko da ajami, shaidu su sa hannu, shi ya dangwala, ki riƙe ɗaya ƙaninki ya ɗauki hotonta a waya.

In duk an yi ya ƙi, toh sai kotun shari'a ta yankinku, kuma a lokacin Baba ya riga ya ga kin bi duk ƙofofin da ya kamata. Kar sunan kotu ya tsorata ki, da Hausa ake magana, ba dole sai da lauya ba, kuɗin shigar da ƙara ne da na sammaci, irin wannan shari'ar ta ciyarwa da riƙo ita ce abincinsu na yau da gobe. Ki je da takardar saki, da katin awo ko na rigakafi ko takardar haihuwar yaran, da littafin yayanki, da shi yayan naki. Ki roƙi alƙali abu uku a fili: ya tabbatar miki da riƙo, ya yanke ciyarwa da mudu ba da naira kaɗai ba, ya duba na baya da ladan shayarwa. In hukunci bai yi miki ba akwai babbar kotun shari'a, sama da ita akwai kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a a Katsina. Akwai kuma ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA da hukumar bada tallafin shari'a ta gwamnatin tarayya, suna taimaka wa marasa hali.

Dan kar ace na ɗauki ɓangare, eh akwai mazan da wlh babu ce ta kama su, damina ta ƙi, ciranin ma an dawo hannu rabbana, kuma ita suratu Ɗalaƙ ɗin a aya ta 7 cewa tayi mai yalwa ya ciyar daga yalwarsa, wanda aka ƙuntata wa ya bayar daga abinda Allah ya ba shi. Ba a ce a tsiyata shi ba. In dami talatin ya samu ba za a ce ya kawo buhu shida ba, amma za a raba abinda ke akwai da kan duk 'ya'yansa biyar daidai, ba namiji ya ci ya ƙoshi mata huɗu su ci iska ba, Manzon Allah SAW ya ƙi yin shaida akan kyautar da mahaifin Nu'umanu ɗan Bashir ya yi wa ɗa ɗaya ya bar sauran. Kuma mutumin da ya iya haɗa lefe da sadaki ya yanka rago ranar bakwai cif, ba shi zai zo yana mana kukan babu ba.

Sai mai sonki. Ban ce kar ki yi aure ba, shekara 30 yarinya ce ke, kuma zaman gida da habaici ba daɗi. Shi ma da yace banda yara ban ga laifinsa sosai ba, gara da ya faɗa tun yanzu akan ya yi miki daɗin baki. Amma zaɓin ba tsakanin aure da miƙa yara ga ubansu bane kamar yadda kika ɗauka, tunda Inna na raye riƙo wajenta zai koma, hatsin kuma can zai riƙa sauka. Shi yasa nake so a fara gama maganar ciyarwar tukuna, dan ba zai yiwu ki tafi ki bar wa tsohuwa bakuna huɗu ba ko tiya. Ki tambayi Innar ma ko zata iya, kar a yanke mata. Shi kuma manemin ki tambaye shi ido da ido: in na haifa maka mace fa? Ki kalli fuskarsa kafin ki saurari bakinsa. Ki tambaye shi ko zai barki ki riƙa zuwa ganinsu, su ma su zo su kwana. Sannan kafin komai ki je asibitin Daura ko na kusa daku a auna jininki, haihuwa biyar kusa da kusa ga rashin cin kirki ba wasa bane, ma'aikatan lafiya na bada shawarar a samu aƙalla wata 24 tsakanin haihuwa da ɗaukar wani cikin, kuma wannan ma magana ce da za a yi da shi tun kafin a shafa fatiha ba bayan an tare ba.

Babbar kuma ita ce ta fi tsaya min a rai. Nasan ba da son ranki kika ɗora mata farantin awara ba, amma ita ke biyan bashin ubanta da ƙafarta a rana, kuma nan da shekara ɗaya ko biyu zaki fara jin masu cewa a aurar da ita a rage baki. Duk mai wannan maganar ya zo Katsina ya leƙa asibitin Babbar Ruga ya ga yaran da doguwar naƙuda ta bari da yoyon fitsari, da yawansu ƙugunsu bai gama buɗewa ba aka kai su ɗaki. Ki maida ta makaranta ko da safe ne kawai, awarar a riƙa saida ta a ƙofar gida da yamma in ta dawo, kuma a cikin takardar sulhun a rubuta littafi da yunifom ɗinta da sunanta daban, dan in ba a rubuta ba shi za a fara mantawa.

Gobe da safe ki fara awon, sati ɗaya cif. In kin gama ki sa ƙaninki ya turo min adadin tiyoyin da abinda kuke kashewa na cefane da magani, zan tsara miki yadda takardar zata kasance da Hausa, sai ku kai wa liman ya duba kafin Baba ya je wajen baffanki.